Gangar Watan Yuli: Ina Macin 'Yan Orange Ya Dosa?

Assalamu alaikum, jama'a. Na gode da kuka daure kuka zo. Yau Ayilan ta Arewa zan kai ku, wani yanki na Birtaniya da mutanensa ba su cika miliyan 2 ba, amma gardama a kan titi ɗaya ta taɓa tsayar da shi cak.

Duk ranar 12 ga Yuli, dubban 'yan Furotesta suna fitowa maci a Belfast da sauran garuruwa. Za ka ga dattawa da baƙar kwat da baƙar hula, sun rataya ƙyalle ruwan lemo a wuya, samari na busa sarewa, ga wata ƙatuwar ganga da suke kira Lambeg wadda ake jiyo amonta daga nesa. Abin da suke tunawa shi ne yaƙin kogin Boyne na 1690, inda Sarki Wiliyam na Orange, ɗan Furotesta, ya ci Sarki James na 2, ɗan Katolika. Ƙungiyar Orange da ke shirya macin an kafa ta a 1795 a Loughgall, cikin gundumar Armagh, bayan wata arangama tsakanin ɓangarorin biyu, kuma har gobe ɗan Katolika ba ya shigarta. Af, kafin in manta, ƙungiyar tana da rassa a Ghana da Togo, nan kusa da mu.

To ina matsalar? Idan ka tambayi ɗan Orange zai ce maka titi na sarki ne, kowa na da ikon binsa, kuma nan ubansa da kakansa suka bi zuwa coci. Ba ƙarya ya yi ba. Maƙwabcinsa ɗan Katolika kuma zai ce: tun da aka raba tsibirin Ayilan gida biyu a 1921, shekara 50 jam'iyya ɗaya ta 'yan Furotesta ke mulki, shugabanninta 'yan wannan ƙungiya ne, an danne mu a gidaje da aikin yi da ƙuri'a, sannan kowace shekara a zo ƙofar gidana a kaɗa mini gangar nasara? Shi ma ba ƙarya ya yi ba. Ku tuna rikicin da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu 1998.

Garuruwa biyu nake so ku riƙe. Na farko Portadown. 'Yan Orange kan yi ibada a cocin Drumcree, su dawo gari ta titin Garvaghy, wanda mazaunansa kusan duk 'yan Katolika ne. A 1995 mazauna suka zauna a kan titi suka ce ba a wucewa. A 1996 'yan sanda suka hana macin, sai magoya baya suka tottoshe hanyoyi a duk faɗin yankin, bayan kwanaki hukuma ta janye, aka kawar da mazauna da kulake aka wuce. Ranar nan 'yan Katolika da yawa suka yanke ƙauna daga 'yan sanda. A 1998 sabuwar hukumar kula da jerin gwano ta hana bin titin. Ana cikin wannan tirka-tirka aka jefa bam ɗin fetur a wani gida a Ballymoney, yara uku 'yan uwan juna suka ƙone. Yara uku, jama'a. Wasu limaman ƙungiyar da kansu suka fito suka ce a watse, babu titin da ya kai ran yaro. Shugabannin 'yan Orange na Portadown a lokacin sun ƙi zama gaba da gaba da wakilan mazauna, don suna ganinsu a matsayin 'yan koren Sinn Féin, jam'iyyar da ke fafutukar raba yankin da Birtaniya a haɗe Ayilan. Tun daga shekarar macin bai sake bin Garvaghy ba.

Na biyu shi ne garin da 'yan Katolika ke kira Derry, 'yan Furotesta su ce Londonderry. Ko sunan ma ba a daidaita ba. Can akwai wata ƙungiya, Apprentice Boys, mai tunawa da ƙawanyar da aka yi wa garin a 1689. Macinsu na Agusta 1969 ne ya tayar da faɗan unguwar Bogside, har Birtaniya ta turo sojoji. Kun ga ke nan idan tsohon miki ake magana, nasu ya fi zurfi. Amma daga tsakiyar shekarun 1990 suka yarda suka zauna da wakilan unguwar, 'yan kasuwar gari suka shiga tsakani, aka yi ta ja-in-ja a kan lokaci da hanya da irin kiɗan da za a yi. Yau suna maci a garin da mafi yawansa 'yan Katolika ne, galibi lafiya lau, har sun haɗa da bikin al'adu da suke gayyatar kowa. Ba su rasa tutarsu ba, ba su rasa gangarsu ba. A Ardoyne, arewacin Belfast, ma haka aka ƙare: magoya bayan 'yan Orange suka kafa sansanin zanga-zanga a 2013 bayan an hana macinsu wucewa, aka shekara 3 ana kashe kuɗin tsaro, ƙarshe dai yarjejeniya da mazauna ce ta warware shi a 2016.

Ni a ganina, abin da zai kashe wannan al'ada ba 'yan Katolika ba ne, ba kuma hukumar jerin gwano ba ce. A 1968 ƙungiyar Orange tana da mutum sama da 90,000, zuwa 2006 ba su kai 36,000 ba. Ƙidayar 2021 ta nuna karon farko waɗanda suka tashi a gidan Katolika, kashi 45.7 cikin 100, sun fi waɗanda suka tashi a gidan Furotesta, kashi 43.5. A 2024 Michelle O'Neill ta Sinn Féin ta zama babbar ministar yankin. Wanda yake da rinjaye da 'yan sanda a bayansa zai iya wucewa ba sallama. Wannan zamani ya wuce.

Sannan ga daren 11 ga Yuli, inda samari ke tara katako su gina hasumiya mai tsawon bene su cinna wuta, wasu su ɗora tutar Ayilan da hotunan 'yan siyasa a kai. Ƙungiyar takan ce ba ita ke shirya wutar ba. Haka ne, amma duniya ba ta bambancewa, kuma ɗan Furotestan da ya yi karatu ya ga haka sai ya ɗebi iyalinsa ya tafi hutu a makon. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa laifin, don an sha ƙona zaurukan taron 'yan Orange a ƙauyuka cikin dare, kuma wannan zalunci ne a kan tsirarun manoma da ba su tare wa kowa hanya ba.

Wani ya tambaye ni a ƙofa ko ba gara a hana macin gaba ɗaya ba. A'a. Mafi yawan jerin gwanon nan ana yinsu a watse ba wanda ya ji kansu. A Rossnowlagh, cikin Jamhuriyar Ayilan kanta, wato ɗaya ɓangaren tsibirin da ba ya ƙarƙashin Birtaniya, 'yan Orange suna maci kowace shekara a bakin teku, 'yan sandan Jamhuriya na ba su hanya. A Drumcree kuwa, ranar Lahadi bayan coci, 'yan dattawa kan tako zuwa inda 'yan sanda suka tsaya, su nemi a bar su su wuce, a ce a'a, su juya. Sama da shekara 25 ke nan.

Mu dakata a nan, a miƙo tambayoyi.