Barka da sauka a Hong Kong, Yallaɓai Kwamanda

Assalamu alaikum. Yallaɓai, a madadin ƴan uwa ƴan kasuwa da ke zaune a garin nan da masu shigowa sari, muna maka barka da zuwa, sannu da hanya, Allah ya huta gajiya. Da muka ji babban jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi daga gida zai zo sai muka ce ba otal za mu tarbe ka ba, nan lambun da aka yi a gurbin tsohuwar unguwar Kowloon Walled City za mu kawo ka, kuma da dalili.

Wannan wurin da ka ga tsofaffi na shan iska, a da unguwa ce da ko ɗan sanda sai ya yi shahada kafin ya shiga. Fili bai kai hekta 3 ba amma mutum sama da 30,000 a cunkushe, benaye manne da juna rana ba ta sauka ƙasa, ƙungiyoyin daba irin su 14K da Sun Yee On su ne gwamnatin ciki, su ke da gidajen caca da ɗakunan shan heroyin. Sai 1993 aka fara rushe ta.

Ranka ya daɗe abun ya samo asali ne tun daga sama. Turawan Ingila kansu da harajin ofiyom, wato kayan mayen da ake yin heroyin da shi, suka riƙa tafiyar da garin nan, kuma Gwamna Lugga ɗin nan dai da muka sani, bayan ya bar Arewa nan aka turo shi daga 1907 zuwa 1912, har yau akwai titi mai sunansa a kan dutse. Ba a haramta ofiyom ba sai 1945, to mashaya ba su ɓace ba, heroyin suka koma, ciniki ya faɗa hannun ƴan daba.

Shi kuma ɗan sanda yana karɓar abun da suke cewa kuɗin shayi, daga kurtu har manya kowa da kasonsa, wallahi ta ina kame zai yi tasiri in wanda za a kama shi ke biyan mai kamun? A 1973 aka gano wani babban ɗan sanda Bature, Peter Godber, da sama da dala miliyan 4 na Hong Kong, ana cikin bincike ya sulale Ingila, mutane suka fito zanga-zanga, shi ya sa Gwamna MacLehose ya kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICAC a 1974, ba a ƙarƙashin ƴan sanda ba, a lokacin gwamna kaɗai take ba bahasi. Aka dawo da Godber a 1975 ya ci ɗaurin shekara 4. Ba da sauƙi abun ya zo ba fa, a 1977 ƴan sanda da kansu suka afka wa ofishin hukumar sai da aka yi afuwa kan tsofaffin laifuka.

Don Allah Yallaɓai kafin ka koma ka zauna da mutanen ICAC ko na awa ɗaya ne, yaranmu a gida suna lalacewa kuma abun na ci mana rai. Mu ma nan saboda ƴan tsirarun da ake kamawa da kaya, fasfonmu ya zama abun kallo a filin jirgi.

Daga nan masallacin Kowloon za mu wuce mu yi azahar, sannan ga tuwo an tanadar maka a Chungking Mansions, benen nan mai shaguna da gidajen abinci. Bismillah, Yallaɓai.