An Kashe Jijiya, Ciwo Ya Ɗauke, Me Ya Sa Haƙorin Ya Tsage?

Tambaya ɗaya ce ta cika mana akwatin saƙo a makon nan: "An kashe mini jijiyar haƙori, na biya kuɗi masu kauri, ko shekara ba a yi ba ya dare gida biyu. Likita ne ya cuce ni?" To, ku matso kusa.

Bari mu wuce masu sauƙin da sauri. Ƙaramin kogo a haƙori ciko ake yi masa: a kankare ruɓar, a cike da mai ruwan azurfar nan wanda kusan rabinsa zaiba ce, ko da farin da ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare. Idan kuma haƙorin ya riga ya fita ya bar giɓi, ga na roba da ake cirewa da dare, ga gada da ake ɗorawa a kan maƙwabtansa biyu, ga kuma dashe, wato ƙusar titaniyam a ƙashin muƙamuƙi, a jira wata uku zuwa shida ta kama.

Yanzu a ce ga turmi, wato babban haƙorin tauna na can ciki, an tsaga shi. Farin saman nan, babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Jan da ke can ciki kuwa jijiya ce da hanyoyin jini. Ranar da ruɓa ta iso nan, ranar ce mutum zai kwana yana zagaye tsakar gida da kanumfari a kunci. Likita zai huda ta sama, ya bi ramukan saiwar, uku ko huɗu a turmi, ya wanke su tas, ya toshe da wani ƙaro da ake kira gutta-percha. Sai ya liƙe bakin da cikon wucin gadi, ya ce a dawo a sa wa haƙorin hula.

Ba a dawowa. Ciwo ya ɗauke, an yi barci, an ce alhamdulillahi. Amma fa ciwon ya tafi ne don mai kai ƙara ya mutu. Ku dubi bangon da ya rage bayan ruɓa ta ci nata, an kuma rarake ciki. Kun ga sirantarsa? Cikon wucin gadin ma na 'yan makonni ne. Yana zaizayewa, miyau da ƙwayoyin cuta suna komawa inda aka wanke, kai kuwa ba ka jin komai. Sai ranar da aka ci karo da tsakuwa a shinkafa, ko aka ce bari a ɗan taɓa aya. Ƙas! Idan tsagar ta gangara ƙasan dasashi har saiwa, yawanci sai cirewa.

Hular da likita ya ce ka dawo a sa maka ke nan amfaninta. A goge haƙorin kewaye, a ɗauki awonsa, a kifa masa ita ta rungume shi, kamar ƙarfen da ake ɗaure turmin daka don kada ya dare. Hajiya, haƙorin Makkanki ma hula ce, sai dai taki ta ado ce, wannan ta aiki.

Haƙoran gaba, sau da yawa ciko mai kyau ya wadatar, tunda ba su ke niƙa ba. Turmi kuwa, ni dai a ganina, tun kafin a taɓa jijiyar ka tambayi kuɗin har da na hula, a kuma rubuta maka ranar dawowa.