Kama Bakin Zare a Tarihin Duniya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune nan gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da haɗuwa. An ce in yi magana a kan tarihin duniya cikin minti arba'in, wanda daidai yake da a miƙa wa mutum ludayi a ce ya kwashe kogi. Don haka zan tsaya a kan abu guda: ta ina ake kama wannan tarihi har ya zauna a kai?

Yadda aka fara koya wa yawancinmu shi ne jerin sarakuna. Wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya ci wane da yaƙi, ɗansa ya gaje shi. In daula ɗaya kake karantawa, hakan yana ɓullewa. Amma tsohuwar Masar kaɗai gidajen sarautarta kusan talatin ne. Ka ƙara na Sin, na Farisa, na Rum, na Indiya, kafin ka kai rabi na farkon sun zube.

Mafita ta farko da masana suka samo ita ce a bar sarki a dubi al'umma, wato a karanci wayewa guda guda. Sai a ɗauki kwarin Dijla da Furat, da kwarin Nilu, da na Indus, da na Kogin Rawaya a Sin, a yi wa kowanne tambayoyi iri ɗaya. Wa ke noma? Rarar amfanin gona hannun wa take shiga? Wa ke yanke hukunci? Waɗannan tambayoyi suna fito da abubuwan da jerin sarakuna ke ɓoyewa. A birnin Uruk da ke kudancin Iraƙi ta yau, allunan yumɓu mafi tsufa, na wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yawancinsu lissafi ne: sha'ir kaza ya shigo, tumaki kaza sun fita, ma'aikata kaza an ba su rabonsu. Marubutan cikinku su yi haƙuri, akawu ya riga mawaƙi riƙe alƙalami.

Sai dai hanyar tana da rami. Da zarar ka ce “wayewa”, ka kafa sharuɗɗa, cewa sai da birane, sai da rubutu, sai da manyan gine-gine, wanda bai cika su ba kuma ka ture shi gefe. To ya za ka yi da Inka? Sun mulki tsaunukan Andes daga Ekwado ta yau har cikin Chile, sun shimfiɗa hanyoyi na dubban kilomita, suna ƙidayar jama'a da dukiya, duk da igiyoyi masu ƙulli da suke kira kipu, ba da rubutu irin wanda muka sani ba. Ya za ka yi da Mongol, makiyayan da suka ci Bagadaza a 1258? Rami na biyu ya fi wannan zurfi: ɗalibi ya riƙa ganin kowace wayewa kamar akwatin da aka kulle, babi na uku Sin, babi na huɗu Musulunci, babi na biyar Turai, kamar ba su taɓa gaisawa ba.

A nan hanya ta biyu ta shigo, kuma ba zan ɓoye muku ba, ita na fi so. Ka ɗauki zare ɗaya, ka bi shi duk akwatin da ya shiga. Bari mu gwada da takardar da ke hannunku.

Tarihin Sin ya ce a shekarar 105 Miladiyya wani jami'in fada, Cai Lun, ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace da tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi. Ƙarni shida bayan haka, a 751, rundunar Abbasiyawa ta gwabza da ta daular Tang ta Sin a bakin kogin Talas a tsakiyar Asiya. Riwayar da ta shahara ita ce fursunonin wannan yaƙi ne suka koyar da sana'ar a Samarkand, kodayake akwai masanan da ke ganin takarda ta riga yaƙin isa yankin ta hannun fatake. Ko ta wace ƙofa ta shigo, kafin ƙarshen ƙarni na 8 ana yin ta a Bagadaza, zamanin Haruna Rashid. Ku lura da wanda ya fara rungumarta: ofisoshin gwamnati. Rubutun da aka yi a fata ana iya kankare shi a sauya adadi ba a gane ba, takarda kuwa tana shan tawada, in ka taɓa sai ya nuna. Kun ga akawun Uruk ya sake ɓullowa. Daga ofis ta faɗa kasuwa, har aka sami unguwar masu kwafe littattafai da sayar da su a Bagadaza. Aikin fassarar littattafan Girka da Farisa da Indiya zuwa Larabci, da wannan arahar abin rubutu ya yi ƙafa.

Zaren bai tsaya nan ba. Ya ratsa Masar da Arewacin Afirka, ya haye Andalus, inda garin Shatiba ya yi suna da takarda a ƙarni na 12, ya isa Fabriano a Italiya a ƙarni na 13. Sannan wajen 1450 Gutenberg ya kafa injin ɗab'insa a Mainz ta Jamus. Ana yawan ba da labarinsa kamar daga sama ya faɗo. Amma daga kwafi kimanin 180 na Baibul da ya buga, kusan kashi uku cikin huɗu a takarda suke, domin kwafi ɗaya na fata yana cin fatun 'yan maruƙa wajen 170. Inji ba takarda, mota ce ba mai. Yanzu ku gaya mini, a wane babi za a saka wannan labari? Na Sin, na Musulunci, ko na Turai?

Bin zare yana da wani amfani da ya fi nuna hanyar da abu ya bi. Yana ba ka damar kwatanci, kwatanci kuma shi ne abin da mai tarihi yake da shi a madadin ɗakin gwaji. Ɗauki annobar da ta sauka Messina ta Sisili da Iskandariyya ta Masar a shekara guda, 1347. Cikin shekara huɗu ko biyar ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ɓarnar da ta yi a Masar da Sham ma ba ta gaza haka da yawa ba. Cuta ɗaya, amma ku dubi abin da ya biyo baya. A Ingila hannu ya yi ƙaranci, lebura ya fara yi wa mai gona ciniki. Masu ƙasa suka sa aka yi doka a 1351 don a daskarar da lada a inda yake kafin annoba, dokar ba ta riƙe ba, a 1381 talakawan karkara suka yi bore, sannu a hankali ɗaurin manomi ga gonar ubangidansa ya saki. A Masar noma ya dogara ne da madatsai da magudanan Nilu, waɗanda sai da taron hannu ake gyara su kowace shekara. Da mutane suka ragu, gyara ya gagara, gonaki suka mutu. Ga shi ƙasar tana hannun sarakunan yaƙin Mamluk, mazauna birni, masu takobin da za su tilasta a biya su. Manomin da ya tsira bai ga sauƙin da takwaransa na Ingila ya gani ba. Abin da ya raba su shi ne wa ke riƙe da ƙasa da yadda ruwa ke isa gona, kuma ba za ka hango wannan ba in ƙasa ɗaya ka karanta.

Wani saurayi a Tunis ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama a wannan annoba. Shi ne Ibn Khaldun, wanda aka haifa a 1332. A 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya soki masu tarihin da ke kwashe duk riwayar da suka ji, musamman adadin runduna da dukiya, ba tare da sun auna ta da yadda al'umma ke rayuwa ba. Don haka in an ce muku wannan hanya sabuwar ƙirƙira ce ta jami'o'in zamani, ku tuna da shi.

Amma kada in sayar muku da magani ban faɗi illarsa ba. Mai bin zare yana iya sakin lokaci. Na sha duba takardun ɗaliban da suka yi bayani mai daɗi a kan “ciniki” ko “bauta”, suka haɗa Rum da Amurka ta ƙarni na 19 a jimla ɗaya, kamar kalma ɗaya tana nufin abu ɗaya a ko'ina. Shekaru turaku ne, dabbar da ba a ɗaure ba kuwa gonar wani take shiga. Ba na ce ku haddace ɗari biyar ba. Ashirin ko talatin da kuka san abin da ya sa suke da nauyi sun isa, tare da taswira a bango, mai nuna koguna da tsaunuka da teku.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, saboda haka ga aikin gida. A 1545 Sifaniyawa suka sami labarin dutsen azurfa a Potosi, cikin Bolibiya ta yau. A 1571 suka kafa mulkinsu a Manila, cikin Filifin ta yau. A daidai wannan zamani daular Ming ta Sin tana mayar da harajinta daga hatsi da aikin ƙarfi zuwa biya da azurfa. Ku ɗora waɗannan uku a taswira ɗaya, ku zo mini da amsar abin da ya haɗa ɗan asalin Andes da aka tilasta wa shiga rami da manomin Sin da mai karɓar haraji ke tsaye a ƙofarsa. Shugaba, na mayar da abin magana, a buɗe fagen tambayoyi.