Cacar poka da bakgamon a intanet: abin da wayarku ba za ta faɗa muku ba

Jama'a, assalamu alaikum. Idan kun zauna a fada cikin Yamai, ba za ku rasa mai nuna muku tebur kore a wayarsa ba, yana cewa nan ake cin kuɗin Turawa. Manhajar ta buɗe, karta na motsi, shi ke nan a ganinsa an ba shi izini. Sai ranar da ya nemi fitar da kuɗi zai gane cewa buɗewar manhaja daban, biyan kuɗi daban.

Mu fara da na'urar. A da, wasu daga cikin wasannin nan suna gudana ne a kan Flash, wanda kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ƙarshen 2020. Shafin da har yanzu yake ce muku ku sauke Flash, ko ya mutu ko tarko ne. Manyan shafuka irin PokerStars da GGPoker suna da manhajar kwamfuta ta Windows da Mac, da kuma ta waya. Amma Play Store ba ya sakin manhajar caca ta kuɗi sai a ƙasashen da Google ya amince da su, shi ya sa ake tura ku sauke fayil ɗin APK, wayar ta yi gargaɗi, ku danna amincewa da hannunku. A nan ɓarayi ke labewa. Manhajar karta ba ta da abin yi da saƙonninku na SMS. In ta nemi izinin karanta su, lambar sirrin Airtel Money ko Moov Money take hari. Ku goge ta nan take.

Sai rezo. A poka ana ba ɗan wasa ƴan daƙiƙoƙi ya yanke shawara, da ɗan lokacin ajiya. In kuran ya ɗauke, wifi ya mutu, waya ta koma 4G, kafin ta sake haɗuwa lokaci ya ƙare, na'ura ta jefar da kartarku, kuɗin da kuka riga kuka zuba a tsakiya kuma ya zama na wani. Ƙaramar waya mai ram giga 2 cikin zafin watan Afrilu ita ma takan rufe manhaja da kanta. Kuma abokai biyu da suka hau tebur ɗaya da wifi ɗaya, tsarin shafin yana iya ɗaukar su masu haɗa baki, ya daskarar da asusunsu.

Yanzu doka, inda aka fi tafka hasara. Lasisin da kuke gani a ƙasan shafi, na Malta ne, ko Jibralta, ko tsibirin Man, ko Kurasawo. Wannan izini ne daga can, ba daga Nijar ba. A gida, harkar tambola da PMU tana hannun LONANI, kamfanin gwamnati. Shafin waje da ya riƙe muku kuɗi ba shi da ofishi a Filato da za ku je ku buga ƙofa. Kowane shafi yana da jerin ƙasashen da ya hana, cikin doguwar yarjejeniyar da ake dannawa ba a karanta ba. Shafukan Faransa, kamar Winamax, suna ƙarƙashin dokar 2010 da ANJ, hukumar sa ido kan caca ta Faransa, ke kula da ita yanzu, kuma sai sun tantance takardun mutum da asusun bankinsa. Jin Faransanci ba ya buɗe wannan ƙofa.

Wani zai ce ai akwai VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Akwai, kuma zuba kuɗi zai wuce lafiya, don ba a cika tsananta bincike wajen karɓa ba. Wajen fitarwa ne za a ce ku turo katin ɗan ƙasa ko fasfo, da takardar kuɗin wuta ko ta banki mai ɗauke da sunanku da adireshi. Ku tuna gidaje nawa ne a unguwanninmu takardar wuta ke da sunan mai gida ko na mahaifi. In adireshin ya nuna Yamai alhali asusun ya ce Beljiyam, yarjejeniyar ta ba su ikon rufe shi su riƙe abin da ke ciki. Kuma ƙa'ida ce kuɗi su koma ta hanyar da suka shigo, da suna iri ɗaya. Wanda ya ari katin Visa na yayansa ya ɗaure kansa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin intanet na PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, masu kuɗi a Full Tilt suka daɗe suna jira.

Masu kaucewa duk wannan sukan faɗa hannun dillalin Telegram ko WhatsApp: ku tura masa kuɗi, ya zuba muku maki a manhajar kulob. Manhajar ta ce makin na wasa ne, ba ruwanta da kuɗi. Dillali ya kashe waya, magana ta ƙare.

A ce ma komai ya tafi daidai. Shafin poka yana yankar kasonsa daga abin da aka tara, galibi wajen kashi 5 cikin ɗari har zuwa wani iyaka: daga jika goma, dala ɗari ta tafi kafin mai ci ya taɓa. Kyautar maraba kuma ba a sakinta gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan gwargwadon kason da kuka biya su.

Bakgamon ya fi haɗari, ko da yake ya fi kama da wasan yara: gida 24, ƴaƴa 15 ga kowa, ƙwayar jefawa biyu. Akwai ƙwaya ta uku mai lambobi 2 zuwa 64, ta ninka kuɗi. Wasan jika ɗaya, in ninkin ya kai 8 aka cinye ku ba ku fitar da ɗa ko ɗaya ba, jika 16 ke nan. In kuma ban da haka kuna da ɗa a gidaje shida na ƙarshe na abokin karawa, jika 24. Sannan tun farkon shekarun 1990 manhajar TD-Gammon ta Gerald Tesauro a IBM ta kai sahun gwanayen duniya, yau kuma GNU Backgammon kyauta ake sauke ta. Wanda kuke karawa da shi yana iya ajiye ta a na'ura ta biyu, ta riƙa faɗa masa kowane motsi. Shafuka sun hana, amma kamawa sai bayan an yi wasanni da yawa.

Ga mafi yawanmu ma hukuncin ya riga lasisin Malta zuwa: aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya cikin abin da aka ce a nisanta. Mai son wasan don kaifin ƙwaƙwalwa, ya sauke GNU Backgammon a kwamfuta. Tana aiki ko babu intanet, tana nuna kuskure bayan kowane wasa, ba ta karɓar ko dala.