Jawabin Maraba ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Bauchi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai Girma Kakakin Majalisa, 'yan majalisar da suka rufa maka baya, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Ƙoƙarinka ba ɓoyayye ba ne, ba sai mun tsaya lissafi ba. Mun gode wa majalisa da ta zauna ta amince da ƙudurin karrama Baba Malam, tsohon malaminmu na kimiyya, kuma ka tako da kanka ka kawo masa lambar yabo har makarantar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Sai dai tun kafin mu yi nisa, ranka ya daɗe: ɗakin gwaje-gwajenmu ba rufi. Iskar damina ta yaye kwanon, har yau sararin sama muke kallo.

Bauchi ba baƙuwar ilimi ba ce. A Midil ta Bauchi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe alli kafin ya riƙe Najeriya, a nan kuma Malam Aminu Kano ya koyar. Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin nan, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba. Tun 1980 muke da jami'ar fasaha a bakin ƙofa, amma yaranmu da yawa daga waje suke leƙenta. Yaron da bai taɓa ɗora ido a madubin ƙara girma ba sai ranar jarrabawar WAEC, da me zai shiga?

Baba Malam bai jira kayan aiki ba. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san kofunan zoɓo guda biyu: ya matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, ya zuba ruwan kanwa a ɗayan ya koma kore, aji ya kaure da salati. Likitoci da injiniyoyi sun fito daga kofunan nan, ga wasunsu zaune a rumfar nan.

Baƙi sun sha zuwa, an auna ɗakin, an ɗauki hoto, shiru kake ji. Muna da ƙishin rijiyar burtsatse da ƙarin malaman lissafi, amma waɗannan za su iya jira. Roƙonmu, ranka ya daɗe, a sa rufin ɗakin nan da kayan aikinsa cikin kasafin kuɗin baɗi, a kuma raɗa masa sunan Baba Malam tun yana da rai.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Kwamitin Iyaye da Tsofaffin Ɗalibai