Addu'ar warkar da zuciya ta Ed Smith: me ke da kyau a ciki, ina kuma hatsarin yake?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau zamu duba wata hanyar addu'a da ta fito daga Amurka, wadda ake cewa tana warkar da ciwon zuciya, wato irin baƙin ciki da tsoro da kunyar da mutum ke ɗauke da su shekara da shekaru. Sunanta na farko Theophostic, daga baya aka sauya mata suna zuwa Transformation Prayer Ministry. Wanda ya kawo ta wani fasto ne na Baftis, Ed Smith, a garin Campbellsville da ke jihar Kentucky, wajen 1996.

Shi Smith ya daɗe yana ba da shawara ga matan da aka ci zarafinsu tun suna yara, sai ya ga ana ta zama ana ta magana amma ciwon yana nan. Daga nan ya kawo ra'ayinsa cewa ba abin da ya faru ne kaɗai ke ci gaba da cin mutum ba, ƙaryar da ya yarda da ita a lokacin ce. Yarinyar da aka zalunta ta tashi da "laifina ne", ko "na ƙazantu", ko "ba mai cetona", kuma ko ta girma ta haddace ayoyi zuciyarta tana nan riƙe da waccan maganar.

Toh ya zaman yake? Mutum zai zauna da mai taimaka masa, a tambaye shi me yake ji yanzu, ya bi wannan jin har ya kai shi ga wani abin da ya tuna, sai a tambaye shi me ya gaskata game da kansa a wurin, in ya faɗa sai a yi addu'a a roƙi Yesu ya nuna masa gaskiya, a yi shiru a jira. Wani zai ce ya ji kalma a ransa, wani ya ga hoto, wani kawai ya ji nauyin ya sauka.

Gaskiya akwai abu mai kyau anan. Cewa abin da ka gaskata game da kanka yana juya yadda kake ji, likitocin ƙwaƙwalwa ma sun yarda da shi, shi ne tushen hanyar jinya ta tattaunawa da ake kira CBT wadda likita Aaron Beck ya fara tun shekarun 1960 kuma an gwada ta sosai. Sannan mutumin da bai taɓa samun wanda zai saurare shi ba tare da an ce masa "ka yi haƙuri kawai" ba, ranar da ya samu wannan damar dole ya ji sauƙi. Wata cibiyar Kirista mai binciken koyarwa a Amurka, Christian Research Institute, ta sa Elliot Miller ya bibiyi abin, a 2006 ya rubuta cewa ainihin tsarin bai saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba, amma ya nuna damuwa kan wasu koyarwar gefe da kuma girman alkawuran da ake yi.

Alkawuran nan su ne matsala ta farko. A rubuce-rubucensa na farko Smith ya ce in aka warke a wuri ɗaya shi kenan, nasara ce da ba ta buƙatar a ci gaba da fama. Ina hujja? Wani masanin halayyar ɗan adam, Fernando Garzon, ya bi wasu da aka yi wa addu'ar ya ga yawancinsu sun samu sauƙi, amma mutanen basu kai 20 ba, kuma babu wani rukuni na daban da aka kwatanta su da shi, don haka ba za ka iya sanin ko hanyar ce ta yi aiki ko kulawar da aka basu ko lokaci ne kawai ya wuce ba. David Entwistle, shi ma Kirista ne masanin halayyar ɗan adam, tun 2004 ya rubuta cewa maganar ta yi wa hujja nisa. Kuma ku duba, Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, yana nan a 2 Korintiyawa 12. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da kuka. In ka faɗa wa mai ciwo cewa warkewa ta gaskiya nan take ce kuma ba ta dawowa, ranar da ciwon ya dawo me zai ce? Zai ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ka ƙara masa wata ƙaryar a kan wadda ya zo da ita.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar tunawa. Ƙwaƙwalwa ba kamar faifan bidiyo take ba da zaka mayar baya ka kalla yadda abin ya faru, duk sanda ka tuna abu sake haɗa shi kake yi. A 1995 wata masaniyar halayyar ɗan adam, Elizabeth Loftus, ta yi wani gwaji da mutum 24, aka basu labarai na yarintarsu, uku na gaske ɗaya na ƙarya cewa sun taɓa ɓata a babban kanti suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka dawo suna cewa sun tuna, wasu har da ƙarin bayani nasu. Wannan fa a ɗakin bincike ne ba hawaye ba komai. Yanzu ka ɗauki mutum yana cikin kuka, ido a rufe, gaban wanda yake girmamawa, an gaya masa akwai wani abu a ɓoye a baya da dole a tono, kuma duk abin da ya zo masa ana ɗauka daga Ubangiji ne, waye zai iya ce masa anya kuwa? Amurka ta ɗanɗana wannan a shekarun 1980 da 1990 lokacin da mutane da yawa suka "tuna" wai an azabtar da su a tsafin shaiɗan, iyalai suka watse, jami'in FBI Kenneth Lanning ya bincika a 1992 ya ce bai samu hujjar cewa akwai ƙungiyoyin tsafi masu kisa irin waɗanda ake faɗa ba. Don adalci, daga baya Smith ya gyara littattafan horonsa, ya hana masu taimako su ba mutum shawarar abin da zai tuna ko su fassara masa abin da ya gani. Sai dai doka a takarda daban, abin da wanda ya yi horon 'yan kwanaki zai yi a ɗaki daban.

Me ya haɗa mu da wannan? 'Yan'uwa a Filato, Kudancin Kaduna, Borno da Adamawa sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya basu kai 300 ba, dole wurin fasto mutane za su fara zuwa. Don haka in an gayyace ki ko an gayyace ka irin wannan zaman, ko da wane suna aka kira shi, ku lura. In mai addu'ar ne ke gaya maka abin da ya same ka, misali ya ce "na ga kawunki ya taɓa ki" ko "kakarka ce ta sa maka hannu", tashi ka tafi. Abin da ka ji a zuciya ka auna shi da Littafi, 1 Yohanna 4 ta ce a gwada ruhohi, kuma kar a zargi kowa da laifi a kan hoton da ya zo lokacin addu'a kaɗai.

In kuma kana shan maganin asibiti kar wani ya sa ka daina wai alamar bangaskiya ce. Wanda baya barci, baya cin abinci, ko yake tunanin kashe kansa, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti ranar, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Maiduguri, akwai a Kware ta jihar Sakkwato, asibitin koyarwa na Jos ma yana da sashen.