Kawu Robbie, mutumin da ya iya gyara hannun masu jifa

Jama'a masu saurare, yau sharhin namu kan wasan besbol ne na Amurka, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda, wani kuma na tsugune a bayan mai dukan yana cafe duk wadda ta wuce. To wannan na tsugunen nake so mu duba, musamman wani mai suna Wilbert Robinson, wanda ’yan wasansa ke kira Kawu Robbie.

Ya fara buga wa manya a 1886 a Philadelphia, daga baya ya koma Baltimore Orioles, ƙungiyar da ta ci lig sau uku a jere daga 1894 zuwa 1896. Ku tuna fa a zamanin babu abin kare ƙwauri, sai a 1907 Roger Bresnahan ya shigo da shi, ga ƙwallo kamar dutse, yatsu na karyewa ana ɗaurewa ana ci gaba. Kuma ba cafewa kaɗai ya iya ba, a wani wasa a 1892 sau 7 ya fito duka, sau 7 ɗin nan ya samu.

Amma wallahi abin da ya fi burge ni shi ne aikin koci. Wanda ya shekara da shekaru a tsugune yana kallon hannun mai jifa ya san inda matsalar take tun kafin mai ita ya sani. Da tsohon abokinsa John McGraw, manajan ƙungiyar New York Giants, ya ɗauke shi aikin koci, ya tarar da Rube Marquard, yaro mai jifa da aka saya dala 11,000 mutane na cewa an yi asarar kuɗi, Robinson ya zauna da shi, ya lallaɓa shi, ya gyara masa saiti, a 1912 yaron nan ya ci wasa 19 a jere.

Bayan 1913 Robinson ya ɓata da McGraw, ya tafi Brooklyn ya zama manaja daga 1914 har 1931, har ƙungiyar aka riƙa kiranta Robins saboda shi. Ya ci lig a 1916 da 1920, duk da dai babban kofin da zakarun manyan lig biyu ke karawa a kansa ya kuɓuce masa a hannun Boston da Cleveland.

Abin da ke min ciwo, yawanci in an ambace shi labarin wani ƙaton lemo da aka jefo masa daga jirgin sama a maimakon ƙwallo a 1915 ake bayarwa a yi dariya. Ni dai ina ganin an rage masa haƙƙi. Wani mai jifa, Dazzy Vance, yana da shekara 31 ya zo hannunsa a 1922, wasu ƙungiyoyi sun gwada shi sun sallama, amma a wajen Kawu Robbie shekara bakwai a jere babu wanda ya kai shi fitar da masu duka a lig ɗin.